Kwana a tanti da na'urar CPAP: wane batir zai kai mutum asuba?

Mai fama da ɗaukewar numfashi a cikin barci, wanda likita ya ɗora a kan na'urar CPAP, mai hura masa iska ta takunkumi yana barci, ba ya da daren hutu. Idan ya kwana babu ita, minshari da shaƙewa sukan dawo a daren, washegari kuma ga gyangyaɗi, abin da ke da haɗari ga wanda zai tuƙa mota ya koma gida. Saboda haka tafiya daji ko kwana a tanti na buƙatar lissafin wuta tun daga gida.

Wuta nawa na'urar take sha a dare ɗaya?

Injin da ke hura iskar ba shi da ci. A matsakaicin ƙarfin iska, wajen lamba 10, yawancin na'urori suna jan abin da bai wuce wat 10 ba ko kusa da haka. A barcin awa 8 ke nan wajen Wh 80 (Wh shi ne wat a ninka da awoyin aiki). Abin da ke cinye batir shi ne tukunyar ruwan da ke ɗumama iska da kuma tiyo mai ɗumi. Idan aka kunna su biyun, ana iya kaiwa Wh 300 zuwa 400 a dare ɗaya, musamman lokacin sanyi.

Kada a yi lissafi da abin da aka rubuta a jikin caja. Cajar na'urar AirSense 10 ta kamfanin ResMed tana ɗauke da wat 90, ta AirSense 11 kuma wat 65, amma wannan iyakar abin da cajar za ta iya bayarwa ne, ba abin da na'urar ke sha duk dare ba.

To mene ne mafi arha da za a fara yi?

A kashe tukunyar ɗumin da tiyo mai ɗumi daga cikin saitin na'urar. Wannan kaɗai yana rage buƙata zuwa kashi ɗaya cikin uku ko huɗu, kuma ko sisi ba a kashe ba. Ana iya barin ruwa a cikin tukunyar ba tare da ɗumi ba, iska ta bi ta kansa ta ɗan ɗauki laima. Akwai kuma wani ɗan abu mai kamar soso da ake sakawa tsakanin takunkumi da tiyo, yana kama danshin numfashin da mutum ya fitar ya mayar masa da shi. Irinsa ne ResMed ke kira HumidX a ƙaramar na'urarta ta tafiya, AirMini. Wanda hancinsa ke bushewa a hunturu ya riƙe ruwan gishiri na fesa hanci.

A duba takunkumin ma. Idan yana yoyon iska, injin yana ƙara gudu don ya cike gurbin, batir kuma yana tafiya. Haka matatar iska da ƙura ta toshe.

Ina da inbata. Ba sai in jona cajar gida a jiki ba?

Zai yi aiki, amma asara ce. Batir yana ba da wutar DC, inbata ta mayar da ita ta gida, cajar na'urar kuma ta sake mayar da ita DC. A wannan kai da komo ana iya rasa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, domin inbata tana cin nata rabon ko da abin da aka jona mata ƙarami ne. Ƙananan inbata masu arha da ake jonawa a mota kuma yawancinsu ba sa ba da tsaftatacciyar wuta, kuma suna iya lalata abin ɗumama ruwan wasu na'urori.

Hanya mafi kyau ita ce kebul ɗin DC da aka yi wa irin na'urarka. A nan ne mutane ke ƙona kaya, don haka a karanta bayan na'urar. Philips DreamStation da bolt 12 take aiki, kebul kawai take buƙata. AirSense 10 da 11 kuwa bolt 24 ne, sai da kebul mai akwatin da ke ɗaga 12 zuwa 24. Bakin filogin AirSense 10 yana da ɗan tsinke a tsakiya wanda na'urar ke gane caja da shi, shi ya sa wayar da mai gyaran rediyo ya haɗa takan ƙi kunna ta ko da wutar daidai ce. Bakin 10 da na 11 ma ba ɗaya ba ne.

Wane girman batir zan saya?

A ninka bolt da Ah, ma'aunin yawan cajin da ake rubutawa a jikin batir, shi ne Wh. Sannan a ƙara rabin abin da ake buƙata a sama saboda yoyo, sanyi da tsufan batir: Wh 80 ya zama 120 a kowane dare.

Batirin lithium irin LiFePO4 mai Ah 20 yana da bolt 12.8, wato Wh 256. Nauyinsa bai kai kilo 3 ba, kuma ana iya shan kusan duk abin da ke ciki. Dare biyu ke nan hankali kwance. Batirin dalma na sola mai Ah 100 yana da Wh 1,200 a rubuce, amma rabi kawai ya kamata a taɓa idan ana son ya daɗe, wato 600: dare biyar. Matsalarsa nauyi, domin yana kusan kilo 30. Ga wanda mota za ta kai shi har bakin tanti, kuma yana da irin wannan batir a gida, shi ne mafi arha nesa ba kusa ba. Ana gane ya kai rabi idan mita ta nuna wajen bolt 12.1 zuwa 12.2 bayan ya huta. Cikakke yana nuna 12.6 zuwa 12.7.

Haɗin ba wuya: soket irin na kunna sigari a mota mai bakin maƙalawa biyu, ja a kan alamar +, baƙi a kan −, da fiyus na amp 10 a kan jar wayar dab da batirin. Fiyus ɗin ba ado ba ne. Batir irin wannan yana iya narkar da waya idan bakunan suka haɗu, a cikin tanti kuma na leda.

Akwatunan wuta masu soket da ake sayarwa fa?

Sun fi tsada a kan kowane Wh, amma komai yana ciki. Mai Wh 300 ya isa dare biyu zuwa uku idan ta soket ɗin DC aka ɗauka. Abin lura ɗaya: da yawansu suna kashe kansu idan suka ga abin da ake ja ƙarami ne, sai mutum ya farka cikin dare na'ura a mace. A nemo wannan saitin tanadin wuta a kashe shi.

Batirin mota ko janareto ba za su yi ba?

Batirin mota an yi shi ne don bugu ɗaya mai ƙarfi, ba don a tsotse shi a hankali ba. Dare ɗaya babu ɗumi yakan jure idan lafiyayye ne, amma tsohon batir zai iya barin ka da turin mota da safe. Barin inji a kunne ana barci kusa, ko ajiye janareto a bakin tanti, ba a yin sa: hayaƙin carbon monoxide mai kisa da suke fitarwa ba ya wari, na'urar kuma za ta zuƙo shi ta tura maka kai tsaye. Janareto ya yi nisan aƙalla mita 6, kuma gara a yi caji da shi da rana.

Idan tafiyar ta wuce kwanakin batirin?

Farantin sola mai wat 50 zuwa 100 da kwantirolar caji sun wadatar. Mai wat 100 yakan ba da Wh 300 zuwa 400 a rana mai haske, ninki uku na abin da aka sha da dare. Kwantirolar ta zama mai saitin irin batirin, domin na dalma da na lithium ba caji ɗaya suke so ba. Faranti a rana, batir a inuwa. Kada a yi cajin LiFePO4 idan sanyi ya kai digiri 0, kada kuma a bar shi cikin rufaffiyar mota a zafin bazara. Batirin dalma mai ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji, don haka a waje ake masa.

Zan iya hawa jirgi da batirin, misali zuwa aikin Hajji?

Wannan tambaya ce mai amfani, domin a daren Muzdalifa a fili ake kwana. Ƙa'idar jiragen sama ita ce batirin lithium da bai wuce Wh 100 ba yana shiga a jakar hannu. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi. Wanda ya haura haka ba ya shiga. Komai girmansa, ba a saka irin wannan batir a kayan awo. Mai Wh 95 zuwa 99 yana iya kai dare ɗaya idan an kashe ɗumi kuma ƙarfin iskar ba mai yawa ba ne. A riƙe takardar likita tare da na'urar.

Ko wane haɗi aka zaɓa, a kwana da shi dare guda a gida kafin tafiya, da saitin da za a yi amfani da shi a can, a ga nawa ya rage da asuba. Lambar ƙarfin iskar da likita ya saka kuwa ba a rage ta don a tanadi batir.