Tambayoyi da amsoshi kan dokar gina makarantu, asibitoci da kasuwanni

Wa ke da ikon kafa ƙa'idar gini, tarayya ko jiha?

Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta riga ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka kundin ba ya da haƙori sai jiha ta mayar da shi dokarta. A Kano, hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ce ke duba zane ta ba da izini.

Me ya sa ake tsananta wa ginin jama'a?

Saboda yawan rayukan da ke ƙarƙashin rufi ɗaya. A Yulin 2024 benen makarantar Saints Academy da ke Jos ya rufta ana cikin darasi, mutum 22 suka rasu. Yaron da aka kai aji ba ya da hanyar sanin rodi nawa ke cikin ginshiƙin da ke kansa, dole wani ya duba masa.

Me ake buƙata kafin a haƙa harsashi?

Takardar fili, zanen mai tsara gini mai rajista da ARCON (hukumar rajistar masu zanen gine-gine), lissafin injiniya mai rajista da COREN (hukumar kula da aikin injiniya), sai gwajin ƙasa. Wannan na ƙarshe shi aka fi tsallakewa. A sassan Borno da Adamawa akwai baƙar ƙasa mai kumbura da damina ta tsage da rani, harsashin da bai yi la'akari da ita ba sai ya dare.

A ina aka fi yin ha'inci?

A kankare. Kwaɓin da aka saba shi ne 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya mai kilo 50 (daidai da kwanon sarki biyu) da kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, ruwa kuma kamar lita 25. Lebura na ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin zuba, amma rarar ruwan na bushewa ta bar ƙananan ramuka, ƙarfi ya ragu. Yashi mai laka ma yana hana siminti kamawa. Sai rodi: zane ya ce mai kaurin milimita 16, a sa mai 12, ko a buɗe tazarar da ke tsakanin rodi da rodi. Kuma rodi na son rufin kankare na aƙalla milimita 25, in ba haka ba danshi ya shiga, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren. Bayan zubi a riƙa ba shi ruwa kwana bakwai ko fiye, musamman lokacin zafi da hunturu, kuma cikakken ƙarfinsa a kwana 28 ake aunawa. Duk wannan, in jami'i bai zo ya ga rodi kafin zubi ba, babu mai sake ganinsa. Nan ne ya kamata jihohi su sa ma'aikata da kuɗi.

Za a iya ƙara hawa kan tsohon gini?

Sai injiniya ya sake lissafa harsashi da ginshiƙai, an kuma sabunta izini. Ginshiƙin da aka yi don hawa ɗaya ba zai ɗauki uku ba.

Masu buƙata ta musamman fa?

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a 2024. Gangaren keken guragu bai kamata ya wuce tashin mita ɗaya a tsawon mita 12 ba. Ƙofofin fita na aji da zauren taro kuma su riƙa buɗewa waje, don in gobara ta tashi turereniya ba ta danne ƙofa ba.