Yadda gero da dawa suka ratsa duniya, da abin da ya rage a hannunmu

A 'yan shekarun nan, kusan duk ƙauyen da aikin malamin gona ya kai ni sai na tarar an rage gonar gero da dawa an ƙara ta masara, har a wuraren da damina ba ta cika wata uku ba. Abin yana damuna, don na san irin tafiyar da hatsin nan biyu suka yi kafin su zo rumbunanmu.

Gero ɗan Sahel ne. Ɗaya daga cikin mafi tsufan burbushinsa da aka tono yana kwarin Tilemsi a arewacin Mali, shekaru kimanin 4,500 da suka wuce. Dawa kuwa a gabashin Sudan aka fara noma ta, wajen Kassala. Tun da daɗewa dukansu suka ƙetare teku zuwa Indiya. Amma babbar bazuwar dawa ta biyo bayan bunƙasar kasuwancin Musulmi ne, daga ƙarni na 8 zuwa gaba, lokacin da ayarin raƙuma da jiragen ruwa suka haɗa Indiya da Yaman da Masar da Arewacin Afirka. A ƙarni na 12 masanin noma Ibn al-Awwam, mutumin Ishbiliya a Andalus (ƙasar Sifen ta yau), ya riga ya rubuta yadda ake shuka ta a can. Manoman arewacin Italiya ma sun noma ta a wancan zamani. Masara ba ta ma bar nahiyar Amurka ba tukuna, sai bayan 1492.

Matafiyi Ibn Battuta da ya ziyarci Mali a 1352 ya ba da labarin wani abin sha na dakakken gero da ake damawa da ruwa, a sa zuma ko nono. Duk mai shan fura ya gane 'yar'uwarta ce.

Me ya sa manoman wurare dabam-dabam suka karɓe su? Sun ga suna yi a inda alkama ke gazawa, wato cikin zafi da ƙarancin ruwa. Gero yana ba da amfani a jigawa da ruwan da masara ba za ta ko fitar da goyo ba. Dawa idan fari ya zo sai ta naɗe ganye ta dakata, ruwa na dawowa ta ci gaba.

Misalin da ya fi burge ni shi ne masakwa ta ƙasar Borno. Masana da dama na ganin irin dawar nan mai dunƙulallen kai daga gabas ya shigo yankin Tafkin Chadi. Manoman can suka lura cewa baƙar ƙasar firgi tana riƙe laima bayan ruwa ya janye. Sai su yi rainon iri a ƙarshen damina, su dasa wajen Oktoba, su girbe a Janairu ko Fabrairu ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Daga baya Fulani suka yaɗa dabarar a arewacin Kamaru.

Ba ina cewa a daina masara ba ne, 'yan'uwa manoma. Amma masara tana son ruwa da taki, ga taki ya yi tsada. Idan ƙasarku jigawa ce, ku bar wa gero babban kaso. In kun samu sabon iri, kamar gero SOSAT ko dawa SAMSORG ta cibiyar binciken noma ta Samaru, ku fara gwada shi a kunya kaɗan gefen naku na gado, ku ga wanda ya fi.

Iri kuma a gona ake zaɓensa kafin girbi. Ku ɗebi zangarniya mai cika daga tsakiyar gona, ku guji kan dawa mai burtuntuna, ku shanya ya bushe sosai, ku ajiye shi dabam da na ci. Kafin shuka ku ƙirga ƙwaya 100 ku naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na 'yan kwanaki. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, ku ƙara yawan ƙwaya a rami ko ku nemi wani irin.