Ƙaurar Iyali Mai Ƙasa Biyu Zuwa Ƙasashen Waje

Iyali mai ƙasa biyu shi ne gidan da miji da mata ba 'yan ƙasa ɗaya ba ne a idon doka, ko da kuwa harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, har kakanninsu ma sun yi tarayya. Irin wannan gida ba baƙon abu ba ne a karkarar Jigawa da Kano, musamman a ƙananan hukumomin Maigatari da Babura, inda auratayya da mutanen Dungas da Magariya na jihar Damagaram a Nijar ta girmi iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata. Muddin ana zaune a gida, ba mai tambayar a wane ɓangaren iyaka aka yanke cibiyar amarya. Tambayar tana tasowa ne ranar da maigida ya samu aiki ko gurbin karatu a Saudiyya, ko Ingila, ko Jamus, ko Amurka, ya kuma ƙudurta tafiya da iyalinsa, domin hukumomin shige da fice ba sa karɓar gida a dunƙule. Kowane mutum da ƙasarsa ake auna shi, sannan a nemi hujja a rubuce kan auren da ya haɗa ma'auratan da haihuwar da ta haɗa su da yaran.

Tantance ƙasar kowa

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce a sashe na 25 duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa, ko da a waje aka haife shi, sashe na 28 kuma bai hana irin wannan mutum riƙe wata ƙasa ta biyu ba. Nijar ma ta amince da riƙe ƙasa biyu tun gyaran dokarta na 2014. Saboda haka yaran da uba ɗan Najeriya da uwa 'yar Nijar suka haifa suna da haƙƙi a ƙasashen biyu, kuma iyaye kan zaɓi fasfon da zai fi sauƙaƙa tafiyar.

Matsayin ma'auratan kansu ya fi sarƙaƙiya. Aure shi kaɗai ba ya mayar da mace 'yar Najeriya. Sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan ƙasa damar neman a yi mata rajista ta hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma mata kaɗan ne a ƙauye suka taɓa bin wannan hanya. Baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba shi da wannan dama, sai dai ya bi sashe na 27, wanda ya shardanta zaman shekara 15. Lambar shaidar ƙasa ta NIN ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce, domin ana ba baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida. A nan ne wasu ke yanke hanya, su nemo wa matar takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, a yi mata fasfon Najeriya alhali a Magariya aka haife ta, iyayenta duka na can. Wannan dabara tana da tsada idan asiri ya tonu, domin Ingila kan hana wanda ya yi yaudara a takardun biza shiga har shekara 10, Amurka kuma haramcin nata na dindindin ne.

Takardar aure da ta haihuwa

Auren karkara yana cika ne da waliyyi da sadaki da shaidu, liman ya shafa fatiha, a raba goro da alewa, jama'a su watse, ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba. Auren ya inganta a shari'a kuma dokar Najeriya ta yarda da shi, amma jami'in ofishin jakadanci bai halarci ɗaurin auren ba. Abin da ake yi shi ne a je kotun shari'a ko ofishin rajistar aure na ƙaramar hukuma tare da waliyyi da shaidu a karɓi takarda, sannan a kai ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a buga mata hatimi, daga nan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya ƙara nasa idan ya buƙata. Ana bin wannan doguwar hanya ne saboda Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, wadda ta sa hatimi ɗaya ke wadatarwa tsakanin ƙasashen da suka sa mata hannu. Takardar da aka yanka shekara goma bayan aure, wata biyu kafin neman biza, takan jawo tuhuma, don haka ake haɗa ta da duk abin da ya nuna zaman tare: katin awon ciki, katin rigakafin yara, hotunan suna, shaidar kuɗin da miji ke aikowa.

Takardar haihuwa ta Najeriya tana fitowa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, bisa dokar 1992 da ta wajabta rajistar haihuwa, manya kuma da aka haifa kafin nan kan yi rantsuwar shekaru a kotu. A Nijar, wanda ba a yi wa rajista a kan lokaci ba sai ya samo hukuncin alƙali da zai tsaya a madadin takardar. Takardun Nijar da Faransanci suke zuwa, don haka ƙasar da ke aiki da Ingilishi ko Larabci za ta nemi fassara daga mai fassarar da ta amince da shi.

Babban abin da ke tsayar da fayil, fiye da rashin kuɗi a lokuta da dama, shi ne saɓanin suna da na ranar haihuwa. Mutum ɗaya yana iya zama Yusuf a takardar Dutse ya zama Issoufou a ta Damagaram, Usman ya koma Ousmane, Abubakar ya koma Aboubacar. Bahaushe kuma ba shi da sunan iyali tsayayye: yaro na farko an rubuta shi da sunan uba, na biyu da sunan kaka, na uku malamin firamare ya liƙa masa sunan garinsu. Mace ba ta sauya suna bayan aure, wanda ba laifi ba ne a ko'ina, amma idan wata takarda ta ɗauki sunan mahaifinta wata ta ɗauki na mijinta, sai an kawo rantsuwar kotu da ta tabbatar mutum ɗaya ce. Hikima ita ce a daidaita komai kafin a yi fasfo, domin gyara bayan fitowarsa yana cin lokaci da kuɗi. Inda takardu suka gaza, Amurka da wasu ƙasashen Turai kan ba da zaɓin gwajin ƙwayoyin halitta na DNA, kuma mai nema ne yawanci ke biya.

Fasfo da biza

Ɗan Najeriya yana karɓar fasfonsa daga Hukumar Shige da Fice, wadda ke da ofisoshi a Kano da Dutse, bayan ya samu lambar NIN, kuma ko jariri sai an yi masa nasa da amincewar iyaye a rubuce. 'Yar Nijar tata ƙasar ce ke ba ta, tana iya fara neman bayani a ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da damar shiga ba biza na kwana 90 ne kawai, zama na dindindin kuma yana buƙatar katin zama, wanda ofishin jakadanci kan tambaya idan matar za ta nemi biza daga Najeriya. Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, ko da yake ƙungiyar ta umarci mambobinta su ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku har zuwa wani lokaci.

A mafi yawan ƙasashe mutum ɗaya ne ke riƙe da ainihin izinin, sauran su biyo shi a matsayin waɗanda yake ɗauke da nauyinsu. Ingila ta ɗaga mafi ƙarancin kuɗin shigar ɗan ƙasarta ko mai zaman dindindin da ke son kawo mata ko miji daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara a Afrilun 2024, tana kuma neman gwajin tarin fuka da jarrabawar Ingilishi, kuma tun Janairun shekarar ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, ban da masu digirin bincike. Jamus tun 2007 take neman ma'auraci ya iya Jamusanci na matakin farko kafin ya taso, sharaɗin da ke da nauyi ga matar da karatunta na allo ne da Islamiyya. A Saudiyya sai maigida ya samu igama, wato katin izinin zama, a kan sana'ar da aka yarda mai ita ya kawo iyali, kuma tun 2017 ake biyan haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, wanda ya fara daga riyal 100 a wata ya kai riyal 400 a 2020.

Kishiya da ɗan riƙo

Dokokin haɗa iyali na Turai da Amurka an gina su ne a kan miji ɗaya, mata ɗaya da ƙananan yaransu. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 ta hana a ba mata ta biyu izini idan akwai wata tare da mijin, dokar Ingila ta 1988 ma haka ta tanada, Amurka kuwa auren farko kaɗai take ƙirgawa. Mai mata biyu dole ya san cewa ɗaya za ta zauna a gida, kuma idan zai tafi da 'ya'yanta sai da yardarta a rubuce, wani lokaci ma yardar ba ta isa ba. Ɗan riƙo, ko da tun yaye yake gidan, ba a lissafa shi cikin 'ya'ya sai da hukuncin kotu, rubuta shi a matsayin ɗan ciki kuma yana iya rushe fayil ɗin gidan gaba ɗaya ko ya jawo tuhumar safarar yara. Iyakar shekarun yaro 18 ce a Ingila, a Amurka kuma 21 ga wanda bai yi aure ba.

Bayan an sauka, izinin matar da na yaran yana rataye ne da na maigida, ta yadda rasa aiki ko saki ko rasuwa kan taɓa zaman kowa. Yaron da aka haifa a Amurka ko Kanada ɗan ƙasar ne tun daga ranar haihuwarsa, amma wanda aka haifa a Saudiyya ba haka ba ne, a Ingila ma tun 1983 sai idan ɗaya daga iyayen ɗan ƙasa ne ko yana da zaman dindindin. Irin wannan yaro sai an kai takardar haihuwarsa ofishin jakadancin Najeriya ko na Nijar an yi masa fasfo, sannan a nema masa izinin zama kamar sauran 'yan'uwansa.