Waiwaye: Yadda aka fara zuba fuloraid a ruwan famfo, da inda gardamar ta kwana

A 1901 wani likitan haƙori, Frederick McKay, ya buɗe wurin aiki a Colorado Springs da ke Amurka, sai ya tarar haƙoran yawancin 'yan asalin garin sun yi tabo ruwan ƙasa, amma ba su cika ruɓewa ba. Sai a 1931 aka gano dalili: fuloraid, wani sinadari da ake samu a duwatsu, shi ne ya yi yawa a ruwan da suke sha. Daga nan Trendley Dean na hukumar lafiyar ƙasar ya auna ruwan garuruwa 21, ya ga cewa a kusan miligiram 1 cikin lita haƙori na samun kariya, tabon kuma kaɗan ne. Ranar 25 ga Janairun 1945 birnin Grand Rapids ya fara zuba sinadarin da gangan.

Duk gardamar da ta biyo baya a kan ma'auni take. A 1962 Amurka ta tsayar da miligiram 0.7 zuwa 1.2, gwargwadon zafin gari, don mai zama a wuri mai zafi ya fi shan ruwa. A 2015 aka mayar da shi 0.7 kawai, saboda yanzu man goge baki ma yana ɗauke da fuloraid, kuma fararen ɗige-ɗige sun yawaita a haƙoran yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a 1.5. Tazarar ba ta da faɗi, musamman ga jaririn da ake dama wa madarar gwangwani da ruwan famfo.

A gidan ruwa, wani inji ne ke ɗiga sinadarin daidai da yawan ruwan da ke wucewa, ana kuma auna shi kullum. Idan ruwa ya tsaya injin bai tsaya ba, an shiga uku. A Hooper Bay ta Alaska, a 1992, fuloraid ya yi wa ruwa yawa, mutum ɗaya ya mutu, kusan 300 suka yi amai da ciwon ciki.

Batun ƙwaƙwalwa ne ya sake tayar da ƙura. A Agustan 2024 wani rahoton gwamnatin Amurka ya danganta ruwan da ya haura 1.5 da raguwar kaifin basirar yara, amma bai yanke hukunci kan 0.7 ba, abin da masu yaɗa labarin kan tsallake. A 2025 jihohin Utah da Florida suka hana zuba shi. Calgary ta Kanada kuwa ta daina a 2011, haƙoran yara suka ƙara lalacewa, jama'a suka kaɗa ƙuri'ar dawo da shi a 2021.

A ƙasar Hausa matsalar daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa take fitowa. A Tibiri ta jihar Maradi, ruwan rijiyar burtsatse da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 fuloraid ɗinsa ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau uku, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu. Fuloraid ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano, sai an kai ruwan ɗakin gwaji. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi. Gawayin ƙashi na tace shi, amma idan ya ƙoshi dole a canza.