Rigar Kariya: Wa Aka Fara Ɗinka Wa?

Ranar 1 ga Yulin 2024, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai 6 suka rinjayi 3, cewa tsohon shugaban ƙasa yana da cikakkiyar kariya daga tuhumar laifi kan abin da ya aikata a cikin ainihin ikon da tsarin mulki ya ba shi. Tun daga nan tambayar ta sake tasowa ko'ina: shin shugaba ya fi ƙarfin doka? A Nijeriya kuwa, duk lokacin da aka zo gyaran kundin tsarin mulki sai an tayar da batun sashe na 308, wanda ya hana gurfanar da shugaban ƙasa da gwamnoni a kotu suna kan mulki, kuma yawancin masu magana suna yi kamar a 1999 aka ƙirƙiro shi.

Asalinsa ya girme haka da nisa. A dokar Ingila ta dā akwai ƙa'idar cewa sarki ba ya laifi, tunda kotuna nasa ne, da sunansa ake shari'a. Yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 ta fara ɗaure masa hannu, a 1649 kuma aka gurfanar da Sarki Charles na Farko aka kashe shi. Daga baya sarauta ta koma ta girmamawa, mulki ya koma hannun firayim minista da majalisa. Wannan labari kowa ya san shi.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne tsakanin 1963 da 1979. Tsarin mulkin 1963, wanda ya mayar da Nijeriya jamhuriya, ya ba shugaban ƙasa da gwamnonin yankuna kariya a sashe na 161. Amma a duba su wane ne waɗannan mutane a wancan zamani. Shugaban ƙasa uba ne na ƙasa, alamar haɗin kanta, wanda ya gaji gurbin Sarauniyar Ingila. Ba shi ke rabon kuɗi ba, ba shi ke tafiyar da ma'aikatu ba. Wannan aiki na firayim minista ne da firimiyoyin yankuna, waɗanda ke zaune a majalisa suna amsa tambayoyi, kuma ana iya sauke su da ƙuri'ar rashin amincewa. Kare mutuncin kujerar da ba ta riƙe da komai abu ne mai ma'ana, kuma haɗarinsa kaɗan ne.

A 1979 aka koma tsarin shugaba mai cikakken iko. Kujeru biyu suka zama ɗaya: uban ƙasa shi ne kuma shugaban gwamnati, haka nan gwamna a jiharsa. Kariyar ta biyo sunan muƙamin zuwa sashe na 267, har ta haɗa da mataimaka. Rigar da aka ɗinka wa mai zaman girmamawa sai ga ta a jikin mai riƙe da makullin baitulmali. A ganina nan ne gizo yake saƙa, domin kalmomin dokar ba su canza sosai ba, ikon da ke ƙarƙashinsu ne ya canza gaba ɗaya. Ƙuri'ar rashin amincewa ta tafi, abin da ya rage shi ne tsigewa, wadda ke buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisa, abin da lissafin jam'iyya ke yanke wa hukunci fiye da nauyin hujja.

Tsarin 1999 ya kwafo wannan ne kawai, kuma yau mutum 74 ke ƙarƙashinsa: shugaban ƙasa da mataimakinsa, gwamnoni 36 da mataimakansu. Masu kare sashen suna da hujja da bai kamata a raina ba, wato kada ƙararrakin banza su hana shugaba aiki. Sashen ma bai yafe laifi ba, jinkirta shari'a yake yi har mutum ya sauka. A 2002, a ƙarar da lauya Gani Fawehinmi ya shigar, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ana iya binciken mai rigar kariya yana kan mulki, gurfanarwa ce kaɗai za ta jira. To amma jiran yana iya kai shekara takwas, kuma a tsawon wannan lokaci takardun da za su zama hujja suna ajiye ne a ofisoshin da ke ƙarƙashin wanda ake bincika.