Busasshiyar Iska, Gobara da Hadarin Farkon Damina: Tambayoyi da Amsoshi ga Mazauna Kano

Daga watan Nuwamba zuwa watan Yuni, mazauna Kano suna fuskantar hatsari iri biyu waɗanda aka saba ɗauka a matsayin abubuwa daban, wato gobarar da take yawaita a hunturu da bazara, da kuma ɓarnar da hadarin farkon damina yake yi. Iska ce jigon dukansu biyun, kuma wanda ya fahimci halinta zai san ranakun da ya kamata ya sauya yadda yake mu'amala da wuta, da rufin gidansa, da fitarsa waje.

Me ya sa gobara take yawaita a hunturu, alhali kuwa lokacin sanyi ne?

Sanyi ba ya hana wuta ci, danshi ne yake hana ta. Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas bayan ta ratso hamadar Sahara, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take ɗaukowa yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi. Kafin ta iso Kano babu sauran laima a tattare da ita, har ma'aunin danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana tsaka, alhali a watan Agusta yakan haura kashi 70. Iskar da take tsaga leɓe ta sa ƙafa faso, ita ce take tsotse ruwan da ke cikin ciyawa da kara da zana da katako da kwali.

Abubuwa ba sa bushewa da sauri ɗaya. Busasshiyar ciyawa da ganye da ƙaiƙayi suna bin yanayin iska cikin kamar awa guda, shi ya sa ciyawar da ta ƙi kamawa da asuba take kamawa nan take bayan azahar. Itace mai kauri da azara da tarin katako kuwa suna buƙatar makonni. Saboda haka hatsarin yana ta ƙaruwa ne yayin da rani yake nisa, kuma idan aka shiga Maris da Afrilu, lokacin da zafi yakan kai digiri 40 ko fiye, komai ya riga ya bushe har cikinsa.

To mene ne aikin iska bayan wutar ta kama?

Iska tana ƙara wa wuta iskar da take ci da ita, sannan tana kwantar da harshenta a kan abin da ke gabanta, ta gasa shi tun kafin wutar ta iso. Mafi muni kuma, tana ɗaukar tartsatsi da garwashi ta jefa su can gaba, su kunna sabuwar wuta a bayan masu kashe ta farko. A manyan gobarar daji an ga garwashi ya yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya, don haka titi ko katanga ba su isa su ba mutum kwanciyar hankali ba a ranar da iska take kaɗawa da ƙarfi. Wutar ciyawa da iska take korawa tana iya fin gudun yaro ko tsoho, kuma ta fi sauri idan tana hawan tudu.

Kano birni ce. Ina ruwanta da gobarar daji?

Wannan tunani ne nake ganin ya fi kowanne cutar da mu. Gaskiya ne cewa babban dajin jihar, wato Falgore, yana can kudu nesa da birni. Amma birnin yana faɗaɗa ne zuwa cikin gonaki, kuma duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Ungogo, Kumbotso ko hanyar Gezawa zai ga gida a nan, kango a can, fuloti cike da busasshiyar ciyawa a tsakani, ga tarin kara da harawa an jingina da katanga. Wuta ba ta buƙatar kurmi, abin da take buƙata shi ne busasshen abu da ke haɗe da wani busasshen abu har zuwa ƙofar gida.

Garin Lahaina da ke tsibirin Maui a jihar Hawayi ta Amurka ya ƙone a watan Agustan 2023, mutum kimanin 100 suka rasu, kuma ba dogayen itatuwa ne suka kai wutar garin ba, busasshiyar ciyawa ce da iska mai ƙarfi. A watan Janairun 2025 iskar Santa Ana, wadda ita ma busasshiya ce da take gangarowa daga cikin ƙasa zuwa gaɓar teku, ta kora wuta cikin unguwannin Los Anjelis, gine-gine fiye da 16,000 suka salwanta, duk da irin kayan aikin da masu kashe gobara suke da shi a can. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

A cikin gari kuma, kasuwanninmu suna da duk abin da wuta take so: rumfunan katako a manne da juna, kaya jibge har rufi, wayoyin lantarki a sarƙe, da lungunan da motar 'yan kwana-kwana ba za ta iya shiga ba. A shekarar 2016 kasuwar Singa ta kama a watan Fabrairu, sannan a watan Maris kasuwar Sabon Gari ta kama, dubban shaguna suka ƙone. Ba ina cewa yanayi ne ya kunna su ba, amma watannin da suka faru abin lura ne ga duk mai shago a Kantin Kwari, Kurmi, Dawanau ko 'Yan Katako.

Idan ba yanayi ne yake kunna wutar ba, wane ne?

Kusan kullum hannun mutum ne. A bayan gari akwai ƙunar daji ta masu farautar gafiya da zomo, da sharar gona da ake cinna wa wuta a tafi a bar ta, da guntun sigari. A cikin gari akwai ƙona bola, da kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki saboda sanyi, da hitar dafa ruwa da aka manta a jone lokacin da aka ɗauke wuta, sai a dawo da ita babu kowa a ɗakin. Ga kuma zuba wa janareto mai yana aiki, da ajiye fetur a jarka cikin gida, da tukunyar gas mai yoyo. Duk waɗannan ana yin su a damina ma, sai dai a damina sau da yawa kuskuren yakan tsaya a wurin da aka yi shi, a rani kuwa iska tana raba shi ga maƙwabta.

Me ya kamata a sauya a ranar da iska ta tashi?

Kada a ƙona komai a waje a wannan rana, ko bola ko sharar gona. Idan ƙonawar ta zama dole, a jira safiyar da iska ta kwanta, a share fili har ƙasa kewaye da abin da za a ƙona, a tanadi ruwa da yashi, kuma kada a bar wurin sai toka ta huce. A nisanta kara da harawa da itacen girki daga bangon ɗakin kwana da kuma madafa, mai fulotin da ba a gina ba kuma ya sani cewa ciyawar da ya bari barazana ce ga waɗanda suke kwana kusa da ita. 'Yan kasuwa su kashe babban makunnin lantarki kafin su rufe shago. Game da kaskon wuta, hadisi ya zo cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a riƙa kashe wuta idan za a kwanta barci. Ban da gobara ma, gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari wadda take kashe mutum cikin barcinsa.

Idan wuta ta kama, a fara fitar da mutane, a kira Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ko lambar gaggawa ta 112 tun tana ƙarama, kuma 'yan kallo su buɗe hanya. Wutar fetur, ta man girki ko ta lantarki ba a watsa mata ruwa.

Me ya sa hadarin farkon damina ya fi zuwa da iska mai ɓarna?

A wajen Afrilu da Mayu iska mai danshi daga tekun Atilantika tana matsowa arewa, ta haɗu da busasshiyar iskar hamada a kan yankinmu. Ƙasa ta ɗauki zafi sosai, saboda haka iska mai danshin takan yi sama da ƙarfi, ta gina gajimare mai tsayin da yakan wuce kilomita 12. Amma iskar da ke ƙarƙashin gajimaren har yanzu a bushe take, sai ruwan da ya fara zubowa ya ƙafe tun bai iso ƙasa ba. Ƙafewar nan tana sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo da ƙarfi, idan ta bugi ƙasa kuma sai ta bazu gaba tana tura ƙura. Wannan ce jar ƙurar da muke gani ta taso daga gabas, gari ya yi duhu, ƙofofi su hau bugawa, wani lokaci ma a ƙare da ɗan yayyafi kawai. Hadarin yankinmu yawanci daga gabas yake tafiya zuwa yamma, sau da yawa a jere cikin dogon layi, don haka gabas ce wurin dubawa. A ma'aunin hukumar yanayi ta Amurka, ana kiran hadari mai tsanani idan iskarsa ta kai kilomita 93 a awa, ko ƙanƙararsa ta kai faɗin santimita biyu da rabi.

Shin hadari yana iya tayar da gobara?

Ƙwarai kuwa, kuma a nan ne hatsarin biyu suke haɗuwa. Aradu tana iya faɗa wa busasshiyar bishiya ko ɗakin ciyawa ba tare da an sami ruwan da zai kashe wutar ba, kamar yadda ya faru a Kalifoniya a watan Agustan 2020, inda tsawa marar ruwa ta kunna ɗaruruwan gobara. A Kano abin da ya fi kusa da mu shi ne iskar gaban hadari ta tarwatsa murhun da ke tsakar gida ko bolar da take ci, ko ta haɗa wayoyin lantarki su yi tartsatsi a kan rumfa. Da zarar an ga hadari ya haɗo, a kashe duk wutar da ke waje.

Yaya za a kare gida daga iskar?

Iska ba danna kwanon rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, musamman daga gefe da kusurwa. Saboda haka ƙarfin rufi yana ga yadda aka ɗaure katakonsa da gini, da rodi ko ƙarfen ɗauri, kuma watan Maris ne lokacin kiran kafinta ya duba ƙusoshi da katakon da gara ta ci. Ɗora duwatsu da bulo a kan kwano dabara ce mai hatsari, domin idan rufin ya tashi a kan mutane suke saukowa. A sassare rassan darbejiya da suka rufa a kan ɗaki ko waya, a kuma gyara yaɓe da indararo na ginin ƙasa. Lokacin iskar, a nisanci allunan talla, falwaya da katangar da ta tsage, kuma duk wayar da ta faɗo a ɗauka tana da wuta ko da unguwar tana cikin duhu.

Ina ne mafaka daga aradu?

Ginannen ɗaki mai rufi da bango, ko mota mai rufin ƙarfe da aka rufe gilasanta. Gindin bishiya, rumfar mai shayi, babur da A Daidaita Sahu ba mafaka ba ne, haka nan filin ƙwallo, saman bene, kan Dala ko Goron Dutse, da bakin kududdufi. Ƙara tana tafiyar kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, don haka idan tsakanin walƙiya da jin tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, kuma aradu tana iya kaiwa nan. A zauna a ciki har minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe, domin mutane da yawa suna gamuwa da ita ne kafin ruwa ya sauko ko bayan ya ɗauke. A cikin ɗaki a bar wanka da taɓa famfo, a zare kayan lantarki tun kafin hadarin ya iso. Wayar hannu ba ta jawo aradu, sai dai kada a riƙe ta tana jone da caji. Iyaye da malaman makarantun allo su lura cewa yara ne suka fi fita wasan ruwa, su ne kuma ake bari a waje.

Gaskiya ne ba a taɓa wanda aradu ta faɗa wa?

Ba gaskiya ba ne. A wasu wurare ana cewa sai an zuba masa nono kafin a kusance shi, kuma wannan jira yana iya zama sanadin rasa ransa. Jikin mutum ba ya riƙe wutar aradu. Abin da yake kashewa shi ne tsayawar zuciya da numfashi, saboda haka a matsar da shi wuri mai aminci, idan ba ya numfashi a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri ba tare da tsayawa ba, sannan a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Ruwan kansa fa?

Ruwan farko yana tarar da kwatoci cike da leda da yashin rani, kududdufai da dama da suke karɓar ruwan birni an cike su an yi gini, sai titi ya koma rafi cikin ɗan lokaci, musamman a unguwannin da ke bin Jakara. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota, ga buɗaɗɗen lambatu da ba a ganinsa a ƙarƙashi. Yashe kwata aikin Afrilu ne, kuma abin da aka yaso a kwashe shi daga bakin titi, in ba haka ba ruwan farko zai mayar da shi.

A ina ake samun gargaɗi kafin abin ya zo?

Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma fitar da hasashen kwanaki uku-uku wanda yake ambaton ƙura, iska mai ƙarfi da tsawa, kuma gidajen rediyon Kano sukan karanta shi. Hasashen ba zai faɗi unguwar da hadari zai sauka ba, amma yana faɗin ranar da ya kamata a jinkirta ƙona shara ko hawa rufi. Masu unguwanni, limamai da shugabannin kasuwa su ne suka fi dacewa su isar da shi ga waɗanda ba sa bibiyar intanet, kuma kowace kasuwa tana buƙatar mutum takamaimai da aka ɗora wa wannan aiki, tare da lambar ofishin kashe gobara mafi kusa a rubuce a bakin kowane layi.