Kantar Kicin ta Dutsen Giranait: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsafta da Kulawa

Giranait ya yi suna wajen ƙarfi, shi ya sa da yawa suke ɗauka da zarar an shimfiɗa shi a kan kantar kicin an gama magana, sai dai a yi ta aiki a kansa. Ƙarfin gaskiya ne, amma dutsen yana shan ruwa da mai, kuma galibin lahanin da ake gani a fuskarsa daga abin da ake goge shi da shi yake fitowa, ko daga man da aka bari ya kwana a kansa. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wane irin dutse ne, kuma me ya sa dutse mai tauri haka yake yin tabo?

Narkakken dutse ne da ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa, har ma'adinan da ke cikinsa suka samu lokacin ƙulluwa suka zama ƙwayoyin da ido ke gani. Ɗige-ɗigen nan masu kama da gilashi kwats ne, farare ko jajayen kuma felsfa, masu ƙyalli baƙi ko ruwan azurfa su ne maika. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, kwats yana kan 7, felsfa yana kan 6, ƙarfen wuƙar kicin kuwa yana ƙasa da su.

To amma taurin ƙwayoyin bai hana a samu 'yan ƙofofi da siraran tsagu a tsakaninsu ba. Ido ba ya ganinsu, ruwa da mai kuwa suna samun hanya. Tabo a jikin giranait, a mafi yawan lokuta, abu ne da ya nutse cikin waɗannan ƙofofi ya zauna, shi ya sa ko an dirje saman ba ya fita. Duwatsu masu haske, farare da ruwan toka, sun fi shan ruwa. Baƙaƙe wuluk kuwa, da yawansu ba giranait na ainihi ba ne a wajen masana duwatsu, wasu duwatsu ne da suka fi shi matsewa, 'yan kasuwa ne suka haɗa su a suna ɗaya, kuma da wuya su sha wani abu.

Da me za a goge shi kullum?

Ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa, da tsumma mai laushi. A goge, a sake bi da tsumman da aka jiƙa da ruwa zalla, sannan a tsane da busasshen ƙyalle. Matakin tsanewar nan shi ake yawan tsallakewa, alhali shi ne yake hana zanen ruwa.

A rage hannu wajen sabulu. Idan yana yawa kuma ba a ɗauraye shi sosai, sai ya riƙa taruwa kaɗan-kaɗan har fuskar dutsen ta dusashe, a shafa yatsa a ga ya bar sawu. Mutane kan ɗauka dutsen ne ya tsufa, nan kuwa sabulu ne ya yi masa lulluɓi.

Ana cewa kada binega ko lemon tsami su taɓa shi. Da gaske tsami yana cin giranait?

A nan ana yawan haɗa giranait da mabul, kuma ba ɗaya ba ne. Mabul daga wani ma'adini mai suna kalsayit yake, taurinsa 3 kacal, kuma tsami yana narkar da shi nan take: a ɗiga lemon tsami, kafin a je a dawo ya bar farin tabo marar sheƙi. Kwats da felsfa ba sa jin irin wannan tsami na kicin. Saboda haka idan ruwan tumatir ya zube a kan giranait aka goge, babu abin tada hankali.

Duk da haka ban ba da shawarar a mai da binega abin gogewa na yau da kullum ba, saboda dalilai biyu. Yana cinye man toshiya, wato ruwan da aka shafa wa dutsen don toshe ƙofofinsa, sai ƙofofin su koma a buɗe. Sannan ba duk abin da aka sayar da sunan giranait ne ba shi da kalsayit a ciki. Wanda yake da guntun da ya rage bayan an yanka kantar zai iya gwadawa: ya ɗiga lemon tsami a kai, ya bar shi minti goma, ya goge, ya karkata shi ga haske. In wurin ya rasa sheƙi, to dutsen nan ba ya son tsami ko kaɗan.

Akwai asid guda da giranait na gaskiya ma ba ya jurewa, wato haidirofulorik, wanda ake sakawa a wasu magungunan cire tsatsa. Yana cin gilashi, yana cin kwats, yana kuma ƙona fata mummunar ƙuna. A karanta jikin kwalba kafin a kusantar da kowane maganin tsatsa ga kanta. Bilic da amoniya su ma yawan amfani da su yana kashe man toshiya, kuma kada a kuskura a haɗa bilic da amoniya ko da binega, domin iska mai guba take tashi.

Mene ne man toshiya, kuma yaya za a gane lokacin sake shafawa ya yi?

Wani ruwa ne da ake shafa wa dutsen, ya nutse cikin ƙofofin, ya bushe a can. Ba fenti ba ne da ke zama a sama, ba ya ƙara sheƙi, ba ya kuma hana karce. Aikinsa jinkirtawa ne: man da zai nutse cikin mintoci sai ya tsaya a sama har a samu damar gogewa.

Za a ji wasu suna cewa duk shekara a shafa. Ni a ganina a bar dutsen ya ba da amsa da kansa. A zuba ruwa kamar cokali biyu a wurin da aka fi aiki, kusa da sinki ko gefen murhu, a bar shi minti 10 zuwa 15, a goge. Idan launin wurin bai canza ba, toshiyar tana nan. Idan ya bar baƙin zagaye kamar inuwa, dutsen ya sha, lokaci ya yi. Zagayen zai ɓace da kansa in ya bushe. A gwada wurare biyu ko uku, domin lungun da ba a taɓawa zai iya cin jarrabawar alhali gaban sinki ya faɗi.

Dutsen da ba ya shan ruwa tun asali, kamar yawancin baƙaƙen nan, bai buƙatar man toshiya. In aka shafa, ba shi da inda zai shiga, sai ya bushe a sama ya bar hazo da zane-zane masu wahalar fita.

Mutum zai iya shafawa da kansa?

Ƙwarai. A wanke kantar, a bar ta ta bushe sarai, gara ma ta kwana. A buɗe tagogi. A shafa a ɗan yanki, a bar shi ya jiƙa na mintocin da aka rubuta a jikin kwalbar, sannan a goge duk abin da ya rage a sama tun bai bushe ba, har ƙyallen ya riƙa fitowa a bushe. Wannan gogewar ta ƙarshe ita ce rabin aikin. Bayan nan a ƙaurace wa kantar na tsawon lokacin da kamfanin ya faɗa, galibi kwana ɗaya.

Man girki ya riga ya shiga, ya bar baƙin tabo. Ya zauna ke nan ko akwai dabara?

Akwai, kuma haƙuri take buƙata fiye da ƙarfi. Tunda man yana ciki, sai an zuƙo shi waje. A kwaɓa hodar bekin soda da ruwa kaɗan, ko da asiton (wani sinadari mai narkar da mai) idan tabon ya daɗe, kwaɓi mai kauri da ba ya zuba. A lafta a kan tabon, kaurin kamar rabin santimita, a wuce gefensa kaɗan. A rufe da leda, a manne gefuna da salatif, a huda 'yan ramuka. A bar shi kwana ɗaya zuwa biyu, a cire ledar, a jira kwaɓin ya bushe ƙarau. A lokacin bushewar ne yake jawo man daga cikin dutsen, don haka wanda ya kankare shi da danshi ya yi aikin banza. A kankare da abu na roba ko katako, a ɗauraye, a bar wurin ya bushe kafin a yanke hukunci, domin danshin kansa yana sa wurin ya yi duhu. Tsohon tabo yakan buƙaci a maimaita sau biyu ko uku. Asiton yana kama wuta, a nisanta shi da murhu.

Tabon kofi ko shayi, mai launin ƙasa-ƙasa, shi kuma da haidirojin faroksaid (ruwan wanke rauni da ake samu a kemis) ake kwaɓa hodar. A kan dutse mai duhu a fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, don yana iya koɗar da launi. Duk inda aka yi wannan aiki, a sake shafa man toshiya, domin ya tafi tare da tabon.

Abin lura: tabo yana sa wuri ya fi kewayensa duhu. In kuwa wurin ya fi haske kuma ya rasa sheƙi, to fuskar dutsen ce ta ci, kuma babu kwaɓin da zai gyara wannan sai mai injin goge dutse.

Za a iya sauke tukunya mai zafi a kai, ko a yi yanka kai tsaye?

Zafin tukunya ba zai narkar da giranait ba. Amma akwai man toshiya, akwai gam ɗin da aka haɗa gaɓoɓi da shi, kuma da yawa daga cikin allunan an cike ƙananan ramukansu da wani irin gam tun a masana'anta. Waɗannan suna jin zafi, suna iya canza launi. Zafi mai tsanani a wuri guda a kan dutse mai sanyi kuma yakan sa tsaga, ko da yake ba kasafai ba. Sa katako a ƙarƙashin tukunya bai da wahala.

Yanka kuwa, wuƙar ce za ta sha wuya, ta dakushe cikin ɗan lokaci. Abin da ke karce giranait shi ne abin da ya kai shi tauri, kamar ƙwayar yashi da ta maƙale a gindin tukunya aka ja ta a kan kanta.

A tabbatar dai giranait ne. Akwai kantar da ake haɗawa a masana'anta da garin kwats da gam, ana kiranta kwats. Ita ba ta buƙatar man toshiya, amma tukunya mai zafi tana iya ƙona ta ta bar tabo na dindindin.

Bayan an taɓa ɗanyen nama, sabulu ya isa?

A fara wankewa da sabulu, sannan a fesa sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, a bar shi 'yan mintoci, a goge. Kada a fesa shi murhu yana ci.

Farin ɓawon da ke taruwa a gindin famfo fa?

Ma'adinan da ke cikin ruwa ne suke zama bayan ruwan ya bushe. A wani wurin da binega ake cire shi, a nan kuwa gara a sa sabuwar reza, a kwantar da ita sosai, a riƙa turawa a hankali har ɓawon ya ɗago. In famfon yana ɗiga ta gindi, a gyara shi, in ba haka ba ɓawon zai dawo cikin makonni.

Gefen ya ɓare, ko an ga tsaga. Me ya jawo, me za a yi?

Bakin sinki ne ya fi ɓarewa, saboda a nan tukwane masu nauyi suke bugunsa lokacin wanke-wanke. In an tsinci ɓallin a adana shi, masu aikin dutse suna mayar da shi da gam mai launin dutsen har da wuya a gane.

Tsaga kuma galibi daga nauyi take. Allunan kanta yawanci santimita 2 ko 3 ne kaurinsu, kuma mai santimita 3 yana kai kimanin kilo 80 a kowace murabba'in mita, wato yana ɗauke da nauyin kansa tun kafin a ɗora komai. Giranait yana jure dannawa amma ba ya lanƙwasuwa. Siririn zirin da ke gaban sinki da bayansa, da wanda ke kewaye da ramin murhu, da ɓangaren da ya zarce akwatunan ƙasa ba tare da abin tokara ba, nan ne rauninsa. Kada a hau kai don ɗauko kaya a sama, kada a zaunar da yaro a bakin sinki.

A bambanta tsaga da jijiyar dutse ta halitta: a bi layin da farce, in ya maƙale ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, tsaga ce, a kira mai aikin dutse tun ruwa bai fara shiga ba. Kuma kada a yarda a yanka ko a goge dutsen da inji a bushe cikin gida. Ƙurar kwats tana taruwa a huhu ta haddasa cutar da ba ta da magani, shi ya sa ƙwararru suke yin wannan aiki da ruwa ko da na'urar zuƙe ƙura.